Awon Ɗaurin Ƙusoshi a Injunan Tsofaffin Motoci

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a wuraren gyaran mota, watau a yi ta ɗaure noti har sai ya ƙi motsi, sa'an nan a ƙara masa ɗan kaɗan domin hankali ya kwanta. Idan sufana ta gaza, sai a zura mata guntun bututu a ƙara mata tsawo, a sa yaron gareji ya rataya a kai. Mai mota yana tsaye yana kallo, ransa fari, a ganinsa an yi masa aiki mai ƙwari. Bayan wata guda ko biyu sai ruwan lagireto ya fara gauraya da baƙin mai, ko kuwa wata ƙusa ta tsinke a cikin injin ana tsakiyar tafiya, a ɗora laifin a kan tsufan mota ko rashin ingancin kayan gyara. Sau da yawa ba nan laifin yake ba, yana wajen ɗaurin ne.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana dalilin da ya sa masu ƙera injin suke ƙayyade wa kowace ƙusa gwargwadon ƙarfin da za a murɗa ta da shi, da abin da ke aukuwa in an zarce ko an gaza, da kuma matsalolin da suka keɓanta ga injin da ya shekara arba'in ko hamsin yana aiki. Za a ɗauki misalai daga motoci uku da ma'aikatan gwamnatin ƙasar nan suka sani sarai. Akwai Peugeot, wadda aka fi kira Fijo, samfurin 404 da ya fito a 1960 da 504 da ya fito a 1968, wanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna daga 1975 har bayan shekara ta 2000. Akwai Volkswagen mai ƙusumbi, wadda ita ma aka soma harhaɗa ta a Ikko a 1975. Akwai kuma Land Rover, motar rangadi ta jami'an gona da na dabbobi. A da in an fasa wani sashe na injinsu sai a je kanti a sayo sabo. Yanzu kuwa sai an yi cigiya, wani lokaci ma a rasa, don haka kuskuren da a zamanin can asarar kuɗi kaɗai yake jawowa, a yau yana iya zama ajalin motar ɗungum.

A cikin bayanin da zai biyo, in an ce ƙusa ana nufin ƙusa mai tiredi, wadda makanikai ke kira bol, tiredi kuwa shi ne kwarkwaron nan da ya zagaye jikinta.

Aikin da ƙusa ke yi

Galibin mutane suna ɗaukar ƙusa tamkar turke ce, abin da aka kafa don kada wani abu ya gusa. Haƙiƙa ta fi kusa da sifirin. Idan aka ɗaure ta, kanta ya dafe a gefe guda, tiredinta ya kama a ɗaya gefen, sai gangar jikinta ta miƙe, ta ƙara tsawo. Ƙoƙarin da take yi na komawa tsawonta na asali shi ne yake matse sassan biyu wuri ɗaya. Tun a 1678 masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana ƙa'idar cewa miƙewar sifirin tana tafiya daidai da ƙarfin da ke jansa, kuma ƙarfe yana bin wannan ƙa'ida muddin ba a wuce wata iyaka ba.

Miƙewar ba ta da yawa. A ɗauki ƙusa mai kaurin milimita 10 da tsawon milimita 100, ta ƙarfe mai matsakaicin ƙwari. In an ɗaure ta yadda ya kamata, za ta ƙaru da kimanin milimita 0.2, watau kaurin fallen takarda biyu. Amma wannan ɗan tsawo da ido ba ya gani, matsin da ke tattare da shi ya kai nauyin tan biyu da rabi. In aka ci gaba da murɗawa aka wuce iyakar da aka ambata, ƙarfen zai miƙe miƙewar da ba ta komawa. Ƙusar za ta siranta a wajen tiredi na farko, ƙarin murɗi ba zai ƙara matsi ba, daga nan sai tsinkewa. Gogaggen makaniki yakan ji wannan a hannunsa, sufana ta yi laushi farat ɗaya bayan tana da tauri. In an ji haka, ƙusar ta riga ta tashi aiki ko da ba ta karye ba.

Me ya sa ake bukatar matsi mai yawa haka? A injin 504 mai siisii 1971, faɗin kowace silinda milimita 88 ne. Duk lokacin da fetur ya kama da wuta a ciki, ƙarfin da ke tura fistin ƙasa shi ne kuma yake neman ɗaga kan silinda sama, kuma in mota na jan kaya yana iya kaiwa wajen tan uku. In injin yana juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana yin wannan bugu sau 25 a daƙiƙa guda. Tilas matsin ƙusoshi ya rinjayi bugun da rata mai yawa, in ba haka ba gasket zai sami sarari, wuta ta bi ta gefensa ta ƙone shi.

Akwai wani batu a nan da ya saɓa wa abin da hankali ke fara rayawa, ya kuma kamata ɗalibai su tsaya a kansa. Mutum zai zaci ƙusar da aka ɗaure tam ita ce ta fi kusa da karyewa, tun da tana ɗauke da kaya tun kafin injin ya tashi. A wajen da ake bugu ana saki, akasin haka ne. Ƙarfe yana gajiya in ana jansa ana sakinsa sau miliyoyi, kamar yadda waya ke karyewa in an yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ya binciki wannan gajiya a tsakiyar ƙarni na 19, saboda gatarin ƙafafun taragu da ke karyewa ba gaira ba dalili. Abin da ke kawo gajiyar shi ne hawa da saukar ja. Idan ƙusa ta matse sassa biyu da ƙarfin da ya fi bugun da ke zuwa, sassan ba sa rabuwa, kuma mafi yawan bugun yana ƙarewa ne wajen rage matsin da ke tsakaninsu, kaɗan ne yake isa ga ƙusar. Idan kuwa ɗaurin ya yi sako-sako, sassan suna buɗewa suna rufewa, ƙusa ta riƙa karɓar bugun gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ƙusar sandar fistin da ba ta ɗauru sosai ba take tsinkewa, sandar ta huda bulo ta leƙo waje. Saboda haka mai tsoron karya ƙusa da ya bar ta da sauƙi-sauƙi bai tsira ba, ya dai jinkirta ɓarnar ne zuwa ranar da mota ke gudu a kan hanya.

Murɗi da matsi

Abin da ake bukata shi ne matsi, amma babu hanya mai sauƙi ta auna shi a cikin gareji. Abin da ake iya aunawa shi ne ƙarfin murɗi, wanda injiniyoyi ke kira tok. Lissafinsa ba wuya: ƙarfin da aka sa, a ninka shi da tsawon hannun sufana. Nauyin kilo 10 a kan hannu mai tsawon rabin mita ya ba da mita-kilo 5. Kilo 5 a kan hannu mai mita guda shi ma mita-kilo 5 ne. Daga nan za a gane abin da bututun nan da ake zura wa sufana yake yi, yana ninka murɗin ne ba tare da mai ja ya ji ya ƙara ƙarfi ba.

Littattafan gyara na tsofaffin motoci ba su yi amfani da ma'auni iri ɗaya ba. Na Faransa da Jamus sun rubuta mita-kilo, na Ingila da Amurka sun rubuta fam-ƙafa, na zamanin nan kuwa niyuton-mita. Mita-kilo guda daidai yake da niyuton-mita 9.81, ko fam-ƙafa 7.23. Fam-ƙafa guda kuwa niyuton-mita 1.356 ne. Wanda ya ga 65 a littafin Ingila ya saita sufanarsa a niyuton-mita 65 ya rage wajen rubu'in ɗaurin. Wanda ya yi akasin haka ya ƙara fiye da sulusi. Kuskure ne na karatu, amma injin ba ya bambanta shi da na ganganci.

Babbar matsalar awon murɗi ita ce gogayya. Daga cikin ƙarfin da ake sa wa sufana, kimanin rabi yana ƙarewa ne wajen gogayyar kan ƙusa da abin da ya zauna a kai, kimanin kashi 40 cikin 100 a gogayyar tiredi, sauran kashi 10 kacal ne suke miƙa ƙusar. Tun da haka ne, ɗan canji a gogayya yana kawo babban canji a matsi. A koma ga ƙusar nan mai milimita 10. In tana da tsabta, busasshiya, niyuton-mita 50 zai ba da matsin tan biyu da rabi. In aka shafa mata baƙin mai, wannan murɗi zai ba da fiye da tan uku, ta kusa iyakarta. In aka shafa mata giris mai santsi ƙwarai, irin wanda ake sa wa don hana ƙusa cijewa, matsin zai iya haura tan huɗu, ta wuce iyaka ke nan alhali sufana ba ta nuna an yi laifi ba. In kuwa tsatsa ta ci ta, ko ramin ya cika da dattin shekaru, matsin ba zai kai tan biyu ba, sufana ta ce an gama, gasket kuwa bai matsu ba. Ashe adadin da ke cikin littafi ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da sharaɗinsa: a bushe ne ko da mai, kuma a ina za a sa man. Inda littafi ya faɗa, sai a bi shi. Adadin jadawalin gama-gari kuwa, irin wanda ke cewa ƙusa mai milimita 6 niyuton-mita 10, mai 8 kimanin 25, mai 10 kimanin 50, mai 12 kimanin 85, na ƙusa ce mai lamba 8.8 da ke shiga ƙarfe. Ba a ɗora shi a kan kan silinda, ko sandar fistin, ko ƙusar da ke shiga alminiyom.

Ko da an kiyaye duk wannan, matsin da sufanar awo ke bayarwa yakan saɓa da kimanin kashi 25 cikin 100 sama ko ƙasa. Na hannu zalla yakan saɓa da kashi 35 ko fiye, wannan ma a hannun gwani. Wani zai ce ai ratar ba ta da yawa. Amsar ita ce, mai ƙera injin ya riga ya sa saɓanin sufanar awo cikin lissafinsa lokacin da ya zaɓi adadin, bai kuwa sa bututu da yaron gareji ba.

Ƙusar da ta dace

Tsohon injin ya bi ta hannaye da yawa, kuma ba kasafai ake samun duk ƙusoshinsa na asali ba. Abu na farko da za a duba shi ne lambar da ke kan ƙusa. A tsarin mita ana rubuta 8.8, ko 10.9, ko 12.9. Lambar farko in an ninka ta da 100 tana nuna jan da zai tsinka ƙarfen, a ma'aunin niyuton kan kowace murabba'in milimita, ta biyu kuwa tana nuna kashi nawa cikin goma na wannan ja zai ɗauka kafin ya yi miƙewar da ba ta komawa. Ke nan 8.8 tana tsinkewa a wajen 800, tana sallamawa a wajen 640. A tsarin Amurka zane ake yi a kan ƙusa, zane uku matsakaiciya, zane shida mai ƙwari. Ƙusar da ba ta da kowace alama ta gadon ƙarfe ce da ƙofa, ba ta da wuri a cikin injin.

Abu na biyu shi ne irin tiredin. A 1841 Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila tiredi mai kusurwar digiri 55. A 1864 William Sellers ya tsara wa Amurka nasa mai digiri 60. Wahalar da aka sha a yaƙin duniya na biyu, inda kayan gyaran ƙawaye ba sa shiga na juna, ita ta sa Ingila da Amurka da Kanada suka amince da tsari ɗaya na inci a ƙarshen shekarun 1940. Ƙasashen Turai kuwa suna kan na mita. Sakamakon wannan tarihi yana nan kwance a cikin tsohuwar Land Rover, inda za a iya samun tsohon tiredin Ingila a giya da gatari, na haɗin gwiwa a injin, na mita kuma a sassan da aka ƙera daga baya. Ƙusa mai kaurin 5/16 na inci milimita 7.94 ce, ido ba ya raba ta da mai milimita 8. Za ta shiga zagaye biyu ko uku lami lafiya, sa'an nan ta cije. Wanda ya ci gaba da sufana daga nan yana yanka sabon tiredi ne a kan tsoho, kuma duk abin da sufanar awo ta nuna ƙarya ne. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, ƙusar da ba ta shiga da yatsu har kusan ƙarshe ba, akwai abin da ke damunta, sai a tsaya a bincika.

Ramin ma yana da nasa sharaɗi. Ramukan ƙusoshin kan silinda da yawa ba su da mafita ta ƙasa. In ruwa ko mai ya taru a ciki lokacin da aka ɗaga kan, aka kuma ɗaura ƙusa a kansa, ruwan ba ya matsuwa, sai ya tsaga bulo. Haka kuma kan silindar da aka sha kaiwa wajen masu fiƙe shi ya rage kauri, ƙusa na iya taɓo gindin rami kafin ta matse komai.

Injuna uku, hali uku

Injin Land Rover mai siisii 2286, wanda ya fito a 1958, shi ne mafi haƙuri. Bulo da kai duk na ƙarfen zubi ne. Manyan ƙusoshin kan silinda a na fetur fam-ƙafa 65 ne, a na gas kuwa fam-ƙafa 90, domin na gas yana matse iska sau 23, na fetur sau 7 ko 8. Injunan biyu sun yi kama ƙwarai a ido, adadinsu kuwa daban, wannan kaɗai ya isa ya nuna haɗarin ɗaukar adadi daga bakin wani.

Injin Fijo ya fi shi laulayi, dalili kuwa kansa na alminiyom ne. Alminiyom yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. In ƙusar ƙarfe ta ratsa alminiyom mai kaurin milimita 100, zafi ya ƙaru da digiri 80, alminiyom ɗin zai fi ƙusar tsawo da kusan milimita 0.09. In aka tuna cewa duk miƙewar ɗaurin ba ta wuce 0.2 ba, za a ga ƙarin ba ƙarami ba ne. Wannan ya sa ake ɗaure kan alminiyom injin yana sanyi. Ya kuma bayyana wani abu da direbobin Sakkwato da Maiduguri suka sha gani a watan Afrilu: mota ta tafasa, a bar ta ta huce, a zuba ruwa a ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru, bayan mako biyu gasket ya ƙone. Lokacin tafasar, kan ya kumbura fiye da kima ya murƙushe gasket, da ya huce sai ya bar ɗaurin da sauƙi.

Daɗin daɗawa, silindojin 404 da 504 ba a jikin bulo aka huda su ba. Kowace silinda bututu ce mai zaman kanta da ake zurawa, ruwa yana zagaye ta, akwai abin toshiya a gindinta, bakinta kuma yana ɗara fuskar bulo da 'yan ɗigo na milimita domin kai ya danne ta. Ƙusoshin kai goma su ne ke riƙe da wannan gini duka. In an kwance su, ba a fizgar kan sama, ana gusa shi gefe ne tukuna ya rabu da silindoji, kana a danne silindojin da wani abu kafin a juya karanshaf. In aka yi sakaci ɗaya ta ɗaga, toshiyar gindinta ta lalace, ruwa zai gangara cikin mai komai kyan ɗaurin da aka yi daga baya.

A injin 504 mai siisii 1971 kamfanin ya kawo wata hanya da ta rage dogaro ga gogayya. Ana ɗaure ƙusoshin duka zuwa mita-kilo 5 don gasket ya zauna. Sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya, a sassauta, a ɗaure zuwa mita-kilo 2 kawai, kana a ƙara rubu'in zagaye, watau digiri 90. Hikimar ita ce, tazarar tiredi ba ta canzawa da tsatsa ko mai. Ƙusar da tazarar tiredinta milimita 1.5 ce, rubu'in zagaye yana tura ta milimita 0.375, ko tana da santsi ko ba ta da shi. Saɓanin wannan hanya yana wajen kashi 15 cikin 100. Sai dai kamfanin ya canza adadin digirin a samfurorin baya da ya canza gasket da ƙusoshi, don haka tilas a duba lambar injin a daidaita ta da littafin shekararsa.

Volkswagen ita ce ta fi koyar da darasi, domin injinta ba ya yafe ƙarfin tuwo. Iska ke sanyaya shi, kwanson injin na gamin maganiziyom ne mai laushi, kawunan na alminiyom, silindojin na ƙarfen zubi, dogayen ƙusoshi masu tiredi a kowane ƙarshe suna ratsawa daga kai har cikin kwanso. A injin 1600 babu gasket ma tsakanin kai da silinda, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Duk da haka notunan kai mita-kilo 3.2 ne kacal a ƙusa mai milimita 10, watau fam-ƙafa 23. Makanikin da ya saba da Land Rover zai ga wannan kamar wasa, ya ƙara. Da injin ya yi zafi sai jan ya ƙaru, tiredin maganiziyom ya sallama, ƙusa ta zaro daga kwanso, kai ya fara fitar da iska yana ƙara. Abin da kamfanin ya yi a farkon shekarun 1970 abin lura ne: ya rage kaurin ƙusoshin zuwa milimita 8, ya dasa musu mazauni na ƙarfe a cikin kwanso, ya kuma rage murɗin zuwa mita-kilo 2.5. Siririyar ƙusa ta fi miƙewa, tana bin kumburin injin ba tare da ta tumɓuke mazauninta ba.

A cikin wannan injin ɗaya, notuna shida na murfin matatar mai da ke ƙasa mita-kilo 0.7 ne, abin da yatsu uku a kan gajeriyar sufana za su bayar, kuma su ne aka fi tsinkewa domin ana taɓa su duk lokacin juyen mai. Babban notin da ke riƙe fulawil kuwa mita-kilo 30 ne a tsofaffin littattafai, 35 a na baya. Tsakanin ƙarami da babba ninki hamsin ke nan. In babban bai kai ba, fulawil zai riƙa girgiza a kan turakunsa huɗu har ya cinye ramukansu, a yi asarar karanshaf.

Tsari da mataki

Ba a ɗaure kan silinda daga gefe guda a bi layi. Ana farawa daga tsakiya a riƙa zagayawa zuwa waje, kamar mai shimfiɗa tabarma yana korar lanƙwasa zuwa baki, kuma a mataki biyu ko uku, domin kowace ƙusa da aka ɗaure tana rage wa maƙwabciyarta kaya. Wajen kwancewa ana juya tsarin, daga waje zuwa ciki, injin kuma ya huce.

Tsofaffin gasket masu kauri suna lafawa bayan sun sha zafi, shi ya sa littattafan da suka umarta a sake ɗauri bayan tafiyar kilomita 1,000 ko makamancin haka. Wajen sake ɗaurin ana sassauta ƙusa kaɗan tukuna, ɗaya bayan ɗaya, kana a kawo ta ga adadi, sabili da ƙusar da ke tsaye tana bukatar ƙarfin da ya fi na mai motsi kafin ta gusa. Wanda ya ɗora sufana kawai ya ji ta yi ƙas bai auna komai ba. A injin da bawul ɗinsa ke aiki da sanduna, kamar duka ukun nan, sake ɗaurin kai yana canza ratar bawul, sai an sake saita ta. An daina sa asbestos a gasket a ƙasashe da yawa saboda cutar huhu da yake jawowa, kuma waɗansu gasket na yanzu ba sa bukatar sake ɗauri, don haka takardar da ta zo cikin kwalinsa abar karantawa ce. Akwai kuma ƙusoshin da suka yawaita tun daga shekarun 1980, waɗanda da gangan ake ɗaure su har su shiga miƙewar da ba ta komawa. Irin waɗannan sau ɗaya ake amfani da su. Na tsofaffin injuna ana iya maimaita su in tiredinsu bai siranta ba, tsatsa kuma ba ta rarake su ba, ko da yake na sandar fistin sun fi cancanta a sabunta in ana samu.

Sufanar awo

Iri biyu aka fi gani. Akwai mai sanda da allura, wadda sandar ke lanƙwasawa allura ta nuna adadi. Ba ta da abin lalacewa, in allurar tana kan sifiri kafin a fara to lafiyarta ƙalau. Akwai kuma mai ƙas, wadda ake saitawa a mariƙi. Ita tana da sifirin a ciki, in aka ajiye ta a matse wata da watanni sai ta fara ƙarya, saboda haka ana mayar da ita adadi mafi ƙanƙanta bayan aiki. Ana jan ta a hankali, hannu a tsakiyar mariƙi, ba fizga, a tsaya a ƙas na farko. Ba a kwance noti da ita. Ba a kuma dogara da ita a ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na iyakarta, watau babbar sufanar da ke kaiwa niyuton-mita 200 ba ta dace da notin mita-kilo 0.7 ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta nemi a gwada ta duk shekara, ko bayan ɗauri 5,000.

Gwajin ba ya bukatar ɗakin bincike. A damƙe bakin sufanar a cikin matsi, hannunta a kwance, a auna nisa daga tsakiyar bakin zuwa tsakiyar mariƙi, a rataya nauyin da aka sani a wurin. In nisan rabin mita ne, nauyin kuma kilo 10, ya kamata ta yi ƙas a wajen niyuton-mita 49. Wannan lissafi shi ne kuma mafita ga garejin da ba shi da sufanar awo sam. Sikelin rataya irin na masu sayar da hatsi, in aka maƙala shi a hannun sufana a nisan da aka auna, aka ja shi a miƙe da hannun, ya zama ma'auni. Babban notin fulawil na Volkswagen ma, wanda ya fi ƙarfin galibin sufanun awo, ana iya cim masa ta haka: mutum mai nauyin kilo 70 ya auna rabin mita a kan doguwar sanda da ke kwance, ya yi alama da alli, ya ɗora ƙafarsa daidai kan alamar, ya saki nauyinsa a hankali ba tare da tsalle ba. Lokacin da sandar ta daina sauka, notin ya sami mita-kilo 35.